Soron kakanni a ƙauyukan Kebbi: yadda aka gina shi da tubali da yadda ake tsare shi daga ruwa

A garuruwan da ke tsakanin Argungu, Gwandu da Jega, har yau ana samun gidan da zaurensa ko turakarsa ta girmi zuwan Turawa. Ba su da yawa, kuma kowace damina ana rasa wasu. Akasarin waɗanda ke faɗuwa, in aka bi diddigi, ruwa ne aka bari ya kwana inda bai kamata ba, ko kuma an yi gyara da kayan da ba sa jituwa da ƙasa. Wanda ya gaji irin wannan gida yana bukatar ya san abin da ke cikin bangonsa, ya kuma san hanyoyin da ruwa ke bi ya ci shi, kafin ya kira magini ko ya sayi buhun siminti ko ɗaya.

Wa ya gina soro, kuma don me

A ƙarni na 19 talakan ƙauye ba a soro yake kwana ba. Ɗakinsa zagayayye ne mai jinkar ciyawa, dangarsa ta zana ko ta kara, in kuma a bakin fadama yake sai ya kafa rudu, wato makwanci a kan dogayen turaku, saboda sauro. Soro na hakimi ne, da babban malami, da bafatake mai dukiya. Saboda haka in ka ga tsohon soro a ƙauye, kusan kullum akwai sarauta ko karatu ko fatauci a asalin gidan.

Zamanin kuma na yaƙi ne. Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, Gwandu ta zama mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Kabawa suka koma suka kafa Argungu. Daga lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849 har zuwa shigowar Turawa a farkon ƙarni na 20, tsakanin Argungu da Gwandu hari ne da ramuwa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Wannan ya bar alama a gini. Gari yana matse cikin ganuwa, fili kaɗan ne, tagogi ƙanana ne kuma can sama, ƙofar zaure ɗaya ce kuma ba ta kallon ƙofar ciki kai tsaye. Rufin ƙasa kuwa maganin gobara ne: jinka tana kamawa da tartsatsi ɗaya, soro ba ya kamawa. Shi ya sa ko a gidan da sauran ɗakuna na ciyawa ne, akan yi soro guda don littattafai da tufafi da kuɗin wuri da makamai.

Mai son ya ga babban samfurin wannan gini ya je gidan tarihi na Kanta a Argungu. Ginin ƙarni na 19 ne, shi ne fadar sarakunan Kabi har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958.

Gane shekarun gidan

Gidan ƙasa kullum cikin sabuntawa yake. Yaɓen waje wataƙila na bara ne, rufin na zamanin kaka, zuciyar bangon kuma ita ce ta asali. Don haka a nemi wurin da yaɓe ya ɓare a duba cikin. In tubalin na hannu ne, mai faɗin gindi da tsinin kai, an jera shi tsini sama, to tsohon salo ne. In mai kusurwa huɗu ne da aka buga a akwatin katako, wannan ya zo daga baya. A duba ƙyaure: na dā allunan itace ne da maƙeri ya ɗaure da ƙarfe, yana juyawa a kan turke da ke shiga rami sama da ƙasa. Ƙusar kanti da kwano da siminti sun yaɗu a wannan yanki ne bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau da Kaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, don haka duk inda aka gan su, ƙari ne. Alkuki a bango mai baƙin hayaƙin fitilar mai a samansa shi ma shaida ne, kada a kankare shi.

Sauran aikin na bakin dattawa ne. Tambayar da ke fitar da amsa ita ce, "Baba, zamanin wane sarki aka ɗora azarar nan?" Ba a cika riƙe shekara ba, amma ana riƙe sarki. Halilu ya yi sarautar Gwandu daga 1833 zuwa 1858. A Argungu, Abdullahi Toga ya yi daga 1860 zuwa 1883, Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, daga 1883 zuwa 1915. In maigidan yanzu ya haura sittin, aka ce kakan kakansa ne ya gina, a ba kowane uba shekara talatin, lissafi zai kai ka zamanin Toga ko Sama. A tambayi tsofaffin mata su ma, su suka fi sanin wane ɗaki aka rushe da wanda aka ƙara lokacin auren wane.

Ƙasa, tubali da bango

Komai daga ƙasar yake farawa, kuma a nan Kebbi take da tarko. Lakar fadama baƙa ce, mai danƙo, tana da daɗin curawa, amma tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare in ta bushe. Magina na dā jar ƙasar tudu suke nema, mai ɗan burji a ciki, kuma kududdufin da ke bayan tsohon gari galibi nan aka haƙo ƙasar gidajensa. In akwai sauran irinta a wurin, ita ce ta farko da za a gwada.

Gwajin ba wuya. A kwashe ƙasar sama mai saiwoyi, a ɗebo ta ƙasa, a jiƙa, a murza ta zama igiya mai kaurin babban yatsa. A tura ta a hankali ta gefen tafin hannu har ta karye da kanta. In ta karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ba. In ta wuce santimita 15 tana reto, laka ta yi yawa, za ta tsage. Tsakanin nan ake so. Mai laka da yawa a ƙara mata yashi, a fara da kwanon sarki ɗaya na yashi ga biyu na ƙasa, a sake gwadawa. Daga nan a yi tubali biyar na gwaji, a bar su mako biyu, a saki ɗaya daga tsayin ƙugu a kan busasshiyar ƙasa. Mai kyau gefensa kawai zai ɓantare.

Kwaɓi shi ne wurin da masu gaggawa ke cutar kansu. Ana fasa ƙasar, a zuba ruwa, a tattake da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa irin datsi ko tattakar shinkafa da aka sassara gajeru kamar tsawon yatsa, a ƙara kashin doki ko na jaki, a tara ta a rufe. Kowace rana ko bayan kwana biyu a yayyafa ruwa a sake tattakewa. Ƙasar tubali tana iya yi da kwana biyu zuwa uku. Ta yaɓe da ta rufi tana son mako guda zuwa biyu, har ciyawar ta fara ruɓewa, warinta ya canza, ta riƙa barin fartanya da santsi. Wannan tsimuwar ce ke sa ƙasa ta kama jikinta. Ƙasar da aka kwaɓa da safe aka shafa da rana ita ce ke zubowa a ruwan farko.

Tubalin ana cura shi da hannu, faɗin gindi kamar santimita 15, tsayi 20 zuwa 25, a jera a rana, a juya shi bayan kwana uku ko huɗu, ya yi mako biyu kafin a ɗora. Wanda bai bushe har zuciya ba zai tsuke a cikin bango ya bar rami. Da irin wannan girman, murabba'in mita ɗaya na bango yana cin kimanin tubali 24 a kowane sahu. Bango mai sahu uku ke nan 70 da 'yan kai, ɗaki mai mita uku-uku da tsayin mita uku kuwa zai lashe wajen dubu uku.

Harsashin tsofaffin gidajen nan ba shi da zurfi, sau da yawa bai wuce kamu ɗaya ba, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, an dai haƙa har an taɓa ƙasa mai tauri. Ƙarfin yana cikin kaurin gindi. Bangon soro mai hawa ɗaya kan fara da sahu huɗu ko fiye a ƙasa, kaurin santimita 60 zuwa mita guda, yana raguwa har ya koma sahu biyu a sama. Shi ya sa fuskar waje take ɗan jingina ciki. Magini yana zaune a kan bangon kamar mahayi, ana jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, yana ja da baya. Hawa biyu ko uku ake yi a yini, a bari ya sha iska. Wanda ya ga wannan jinginar ya ɗauka kuskure ne, ya sa aka sassaƙe gindin don bango ya miƙe, ya cire wa gidan ƙafa.

Azara da rufi

Azara daga giginya take, kuma ta namiji wadda ta tsufa aka fi so. Ana tsaga gangar, a jefar da ɓargon tsakiya mai laushi, a ɗauki ɓangaren waje mai baƙaƙen jijiyoyi. Wannan ne gara ba ta cika iya masa ba. Azarar da ka ga fari ya yi mata yawa, ko farce yana shiga cikinta, ta matashiyar giginya ce, kada a saya ko da araha. Ta goriba tana aiki a ƙaramin wuri, amma ba ta kai ba.

Iyakar azara ita ta yanke girman ɗakunan dā. Ƙarƙashin nauyin ƙasa, ba a son ta tsallaka fiye da kimanin mita 1.8 ba tare da tallafi ba. Don a faɗaɗa ɗaki, sai a fito da kawunan guntayen azara daga bango hawa-hawa, kowanne ya ɗan zarce na ƙasansa, ko a gitta wasu a kusurwoyi, a rage tazarar da ta tsakiya za ta tsallaka. Da haka ake kai mita uku ko ɗan fiye. Abin da ya wuce nan sai ginshiƙi a tsakiya ko bakan gizo. Shi bakan gizo azara ce a cikinsa: ana dasa ta a bango, a ɗaure wata a kanta da igiya tana ɗan karkatowa ciki, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe, a ƙara wata, daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama. In baka biyu suka gitta juna an sami ɗaurin guga, a kansa ake ɗora tulluwa, wato rufi mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Wannan fasaha ta kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, amma ƙaramin zauren hakimi a ƙauye bisa wannan ƙa'ida yake tsaye.

A kan azara ana shimfiɗa zana ko asabari, sai kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ɗan tauri kamar santimita 5, a bari ta bushe, sai wata ta biyu da za ta fitar da gangare zuwa bakin indararo, sai shafen da ke hana ruwa. Rawani, wato gajeren bangon bakin rufi, ya kewaye, zankwaye masu tsini a kusurwoyi.

Dubawa kafin a taɓa komai

Lokacin dubawa biyu ne: ƙarshen Satumba, sa'ad da tabon damina bai goge ba, da kuma cikin ruwan sama kansa. Mutum ya tsaya da lema ya ga inda ruwa ke bi ya fi duk wani hasashe. A fara da bangon gabas, domin daga can hadari ke tasowa, shi ne ruwa ke duka da iska.

A zagaya gindin bango da sanda ana ƙwanƙwasawa. A lura da inda ya zaizaye ya yi kogo, da inda farin gishiri ya fito, da inda awaki ke lasa. A auna zurfin kogon. In ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin bangon, a tokare kafin a yi komai. In ya kai sulusi, kada kowa ya sake kwana a ɗakin. A rataya dutse da igiya daga saman bango a ga ko ya rinjayo waje. A ciki kuma a ɗaga kai: azarar da ta lanƙwasa, tabon ruwa a zana, garin ƙasa a kan shimfiɗa da safe, ƙyauren da ya fara cijewa alhali dā yana rufuwa lafiya. A soka tsinken ƙarfe a kan azara daidai inda ta shiga bango, domin nan take ruɓewa, tsakiyarta kuwa tana nan kamar sabuwa tana ruɗin mai kallo.

Tsaga iri biyu ce. Ƙananan da suka bazu a fuskar yaɓe ba komai ba ne. Wadda ta ratsa bango, musamman a kusurwa ko daga kan ƙofa zuwa sama, sai a san ko tana motsi. A shafa ɗan siririn siminti ko farar ƙasa a gicciye a kanta wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe, a duba bayan wata guda. In shafen ya rabu, bangon na tafiya, kuma cike tsagar aikin banza ne sai an gano dalili. Dalilin galibi yana kusa: kwatar makewayi da ke bin gindin bango, randa mai yoyo a lungu, saiwar dogon yaro, ko titi da aka ɗaga da cikon ƙasa har ya fi daɓen gida tsayi.

Gyaran gindi da tsaga

A fara da kawar da ruwa. Ƙasar da ke jikin bango ta gangara waje, aƙalla faɗin mita ɗaya. A mai da kwata nesa. A cire turken dabbobi daga jikin bango, fitsarinsu gishiri ne. Karan dawa da itacen girki da aka jingina su ma a janye, su ne gadar gara.

Kogon gindi ba a cike shi gaba ɗaya. A raba bangon gaɓa-gaɓa, kowace kada ta wuce mita guda, a yi ta ɗaya, a tsallake ta biyu, a yi ta uku, sai sun bushe a dawo kan waɗanda aka bari. A kowace gaɓa a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a taɓa mai tauri, a gyara ramin ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da sama yadda ciko zai zauna, a share ƙura, a yayyafa ruwa. Ƙasar da ta yi farin gishiri a kai ta nesa, kada ta koma cikin kwaɓi. Rami mai zurfi da busasshen tubali ake cike shi, ana dannawa da kwaɓi kaɗan, domin tubali ya riga ya gama tsukewa. In aka cusa ɗanyen kwaɓi mai yawa, zai bushe ya janye daga tsohon bango, ya bar siririn rami a sama, nauyin kuma bai sauka a kansa ba. Marar zurfi a yi shi shafi-shafi, kowanne kada ya wuce santimita 5, a jefa curin da ƙarfi ya manne, a bar shi da kaushi don na gaba ya kama. In an gama a yi dakali a jikin gindin, tsayin kamu guda, samansa ya gangaro waje. Shi ruwan da ke fantsama zai ci, kuma sabunta shi ba wuya.

Tsagar da ta daina motsi ɗinke ta ake yi. A sassaƙa gurbi a gicciye, zurfin santimita 15 zuwa 20, a kwantar da guntuwar azara mai tsawon mita guda yadda rabi zai kasance kowane gefe, a cike da kwaɓi. A maimaita duk bayan rabin mita zuwa sama, ciki da waje a saɓa. A kusurwa a saka su suna hawa kan juna daga bangon nan da wancan. Tsohuwar ƙasar ɗakin da ya rushe a cikin gidan, in ba ta da gishiri, ta fi kowace dacewa da wannan aiki, da tsohuwar zuma ake magani.

Gyaran rufi

Kuskuren da ya fi kashe soro shi ne ƙarin ƙasa kowace shekara ba tare da an kankare ta bara ba. Kaurin santimita 10 a murabba'in mita ɗaya ya kai kilo 170 a bushe. A ɗaki mai mita uku-uku, wannan tan ɗaya da rabi ne, nauyin buhun siminti 30, kuma in ta jiƙe ta fi haka. Akwai rufin da za a haƙa a tarar ya kai kamu guda, alhali da rabin haka aka gina shi. A huda gefe a auna. Abin da ya haura santimita 20 zuwa 25 a rage shi, a kuma riƙa sauko da ƙasar nan take, kada a tara ta a tsakiyar rufi. Masu aiki su bi gefen bango, mutum biyu sun isa a sama.

Canza azara guda ba ya bukatar a yaye rufin duka. A tokare na kusa da ita daga ciki da katako a kwance da sanduna biyu, a buɗe sama daidai kanta, a zare, a saka sabuwa da za ta shiga bango aƙalla santimita 30 kowane gefe, ɓangaren mai tauri yana kallon ƙasa. Bakan gizo kuwa ba aikin koyo ba ne. In ya tsage a ƙugu ko ya sauko a tsakiya, a tokare, a nemo tsohon magini da ya taɓa ɗaura irinsa. Ta gidan Sarkin Magina ake fara cigiya.

Indararo ya zarce bango da aƙalla santimita 60, bakinsa na ciki ya zauna ƙasa da fuskar rufi, a kuma danne kewayensa da kyau, domin mafi yawan yoyo daga wuyansa yake farawa. Inda ruwansa ke sauka a jera duwatsu. Ɗan tsiron cediya ko durumi da tsuntsu ya shuka a rawani a tumɓuke shi tun yana ganye biyu.

Makuba, laso da daɓe

Makuba ɓawon ɗorawa ne bayan an cire gari da kalwa. Ɗorawa tana nuna ne gab da damina, aikin gini kuwa na rani ne, don haka wanda zai yi yaɓe bana tun bara ya kamata ya tara ɓawon a buhu. Ana daka shi, a jiƙa a duro kwana biyu ko uku, ko a tafasa in ana sauri, har ruwan ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta. Da ruwan ake kwaɓa jar ƙasar shafen ƙarshe, a shafa da hannu kaurin yatsa, in ya fara ƙamewa a sake yayyafa masa ruwan sau biyu ko uku. A yi shi da safe ko da la'asar. Zafin tsakar rana da iskar hunturu suna busar da fuska kafin ciki, sai ya tsattsage. Bangon gabas da rawani da zankwaye suna son sabuntawa duk shekara ko biyu, na yamma yana jurewa fiye da haka. Ragowar ruwan makuba kada a zubar a tafki ko gulbi, yana kashe kifi.

Laso ya fi makuba ƙarko, shi ake yi wa rufi da wuyan indararo. Haɗinsa katsi ne, wato abin da ke kwanta a ƙasan ramin rini, daga karofin marina, da gashin jima daga majema, da ruwa mai yauƙi na dafara, wata shukar daji mai yaɗo, da aka daka aka jiƙa. Ana haɗawa a riƙa juyawa ana ƙara ruwan dafara har fiye da mako, a shafa siriri, a goge. Mai kyau yana kai shekara biyar. Matsalarsa yau katsi ne, tunda marina sun ragu ƙwarai, sai an yi cigiya tun da wuri.

Daɓen ciki burji ne mai laushi, a baza kaurin santimita 5 zuwa 7, a yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa, a bi da madaɓi har ya daina nuna sawu. Aikin mata ne tun asali, kuma sun fi maza iya shi.

Siminti, leda da kwano

Ra'ayinmu a kan shafen siminti a bangon ƙasa a fili yake: kada a yi. Bangon ƙasa yana shan danshi daga ƙasa yana fitarwa ta fuskarsa. Siminti yana toshe wannan hanya, danshin ya hau sama ya taru a baya. Ga shi kuma ba sa motsi tare, zafi da sanyi na raba su, siririyar tsaga ta buɗe, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, a ƙwanƙwasa a ji fanko, gara kuma ta sami rufin asiri. In an riga an yi, a cire shi gaɓa-gaɓa da rani, a fara daga ƙasa, a bar bangon ya sha iska makonni kafin a yaɓe da ƙasa. Daɓen siminti a cikin ɗaki shi ma yana kora danshi zuwa bango, ko da yake ɓarnarsa ba ta kai ta shafe ba.

Leda a rufi tana aiki damina ɗaya ko biyu. In ta huje, duk ruwan rufin wuri ɗaya yake bi, ƙasar da ke ƙarƙashinta kuma ba ta bushewa. Wanda ya ga dole sai ya saka, ya sa ta a saman gangare ƙarƙashin shafen ƙarshe, bakinta ya shiga cikin indararo, kada ta kwanta kai tsaye a kan zana.

Rumfar kwano a saman soro ta fi waɗannan biyun hankali, in babu mai iya laso a kusa. Tana ɓata kyan gini, zankwaye sukan tafi, amma azara da bakan gizo suna tsira. A bar tazara tsakanin kwano da rufin ƙasa don iska ta ratsa, a toshe gefen da raga saboda jemagu, bakin kwanon ya zarce bango da santimita 60. Katakon a ɗaure shi da waya a jikin guntayen azara da aka binne hawa uku ko huɗu ƙasa da saman bango. Wanda aka ɗora aka danne da duwatsu kawai, guguwar farkon damina za ta yaye shi, ta tafi da rawanin tare.

Tsarin lokaci

A haƙi ƙasa a buga tubali daga Nuwamba, bayan an kawar da amfanin gona, ruwa bai ƙafe a kududdufi ba kuma ana samun hannu. Gindi da tsaga a Disamba da Janairu. Rufi a Fabrairu zuwa Maris, shafen makuba ya biyo baya, komai ya kammala kafin ƙarshen Afrilu. Kafin a fara, a ɗauki hoton kowane bango da waya, a zana taswirar gidan a takarda da awon kowane ɗaki, a rubuta abin da dattawa suka faɗa da sunan sarkin da suka ambata. Bayan ruwan farko a hau a duba ƙananan tsagogi a shafe su da hannu. A watan Agusta kuwa, duk ruwan da ya kwana yana zuba, da safe a leƙa bakin kowane indararo a cire ganye da shekar tsuntsu, a kuma tabbatar babu inda ruwa ya kwanta a rufin.